Maganin da Na Sa Yaya Ta Bari

Daren Talata, Zongo

Yau na raka Yaya Hadiza asibiti. Likita ya ce dajin nonon ya dawo, ya tambaye ta dalilin barin magani. Ko kallona ba ta yi ba.

Ya ce ƙwayoyin ciwon suna da wurin da sinadarin jikin mace yake maƙalewa, sai saƙo ya shige cikinsu su yi ta hayayyafa. Wurin ne maganin yake toshewa.

Ni na ce ta bari, tunda an yi aiki, ga zufar da yake sa ta a rumfarta ta kasuwa.

Da muka fito na ce, "Yaya, laifina ne."

Ta ce, "Tare mana zemijan, ɗan acaɓa, mu je gida, na gaji."

Da zagina ta yi, da na iya barci.