Yadda Za a Faɗa wa Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya ɗakin nan naka mai sanyi da kake ta yi mana ƙorafi a kansa? Mu muna nan lafiya, ko in ce da sauƙi.

Na rubuto ne maimakon in kira, don ka san kunnen Baba. Ko a banɗaki na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake magana. Ranar Talata na raka shi asibitin ido. Ana cikin ɗiga masa magani likita ta jawo ni waje, ta ce jijiyar idonsa ta taɓu, kuma ba ta dawowa. Abin da ke gabansa yana gani, amma gefe da gefe ya tafi. Ta ce lallai ya ajiye tuƙi, kuma gara ya ji daga bakin iyalinsa kafin mu koma wata mai zuwa. Na ce to. Washegari shi ya sauke ni a shago, yana ta ba ni labarin sabbin tayoyi, ni kuwa ina riƙe da ƙofa har muka isa.

Yau kwana huɗu na kasa buɗe baki. Ka san tun rasuwar Mama motar makarantar nan ce abokiyar hirarsa. Ƙarfe shida ya wanke ta, shida da rabi ya fara bi gida-gida yana kwasar yara, ya san mai manta jaka, ya san mai amai a hanya. In na raba shi da ita, me zan ba shi? Jiya sau biyu ina ɗinka hannun riga a baibai, har mai rigar ta tambaye ni ko lafiya.

Kai ne mai karatun digiri na biyu a dabarun sadarwa, shekara guda kana cika mana kunne da yadda ake isar da magana mai ɗaci. To ga ranarka ta zo. Rubuto mini yadda zan faɗa masa, amma da maganar da mutane ke ganewa.

Ka kula da kanka.
Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na samu wasiƙarki. A tsaye na karanta ta a ɗakin karatu, sau uku, na kasa komawa kujerata.

Abu na farko, kada ki faɗa masa yanzu. Babban kuskuren da ake yi shi ne a jefa wa mutum labari ba a shirya shi ba. Zai musanta, kuma in mutum irin Baba ya musanta abu a gaban 'yarsa, da wuya ya dawo. Zangon karatu guda muka yi a kan wannan kaɗai.

Ki ba ni mako uku. A makon farko share fage kawai za ki yi. Ki riƙa kawo zancen ido a hira, na maƙwabta, na abokan cinikinki, kada ki ambaci nasa. A mako na biyu sai a shigo da waɗanda yake jin maganarsu, domin wanda ya kawo saƙo ya fi saƙon nauyi. Na ga mutum biyu ne, Kawu da makaniken da ke gyara masa mota. Ki sanar da su a asirce, su riƙa yi masa zancen hutu. Ranar Asabar ta mako na uku sai ki zaunar da shi. Kada ki ce ya daina, ki ce ya huta. Kalmar makanta kuwa kada ta fito daga bakin kowa.

Na san za ki ce yaran fa. Na yi tunani a kai. Shekara ashirin da biyu Baba yana bin hanyar nan, ya san kowane rami da kowace kwana. Mako uku ba za su canja komai ba, in sha Allah.

Ki yi haƙuri da ni ina nesa. Wannan ne kaɗai abin da na iya, ki bar ni in yi shi.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Sallama. Ina fatan kana cin abinci.

Na bi tsarinka, ga kuma rahoto, ranka ya daɗe. Na share fage har tsintsiya ta ƙare. Na kawo zancen idon matar mai shagon kusa da nawa, na kawo na tsohuwar da ke kawo mini yankan zani, har na ƙirƙiro wa wani mutum ciwon ido alhali lafiyarsa ƙalau. Baba ya dube ni ya ce yaushe na bar ɗinki na koma aikin asibiti.

Na gaya wa Kawu, ya yi rantsuwa ba mai ji. Da yamma matarsa ta zo shago da idanu jajur tana yi mini jaje. Makanike kuwa yanzu in ya ga Baba sai ya ruga ya kama masa hannu kamar mai tsallakar da tsoho titi.

Ban iya zama, Auta. Da safe ina bakin ƙofa har sai na ji ƙarar motar ta dawo. Da rana in ƙarfe biyu ta yi sai in kashe keken ɗinki in fito titi, in koma, in sake fitowa. Shekaranjiya na ga madubin hagu a karce. Baba ya ce wani ne ya goge shi a wurin ajiye motoci, ni kuma ban san ko ya yarda da abin da ya faɗa ba.

Tsoro nake ji. In faɗa masa kawai yau?

Yayarka


Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Don Allah kada ki karya tsarin, saura kwana takwas. Abin da kika gani duk alama ce saƙon ya fara shiga. In kika yi gaggawa yanzu, wahalar da kika sha ta tashi a banza.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Ranar Laraba aka ce kowa ya kawo misali daga rayuwa, sai na gabatar da namu a aji. Ban faɗi suna ba, na ce wani dattijo ne direba. Malamar da ke duba bincikena, wadda ta mayar mini da babi na biyu har sau uku, ta ce wannan ne abu na farko mai rai da na rubuta, kuma zai iya zama babi guda in an kai shi ƙarshe. Ba don haka nake cewa ki jira ba. Na tambayi kaina, na zagaye ginin sashenmu ya fi sau goma ina tambaya, kuma ina ganin ba don haka ba ne.

Ki gaida Baba.
Auta


Auta,

Sallama. Ka zauna kafin ka karanta. Ba wanda ya mutu.

Jiya Alhamis Baba zai shiga makaranta, ya karya hagu, bai ga ginshiƙin ƙofar ba. Wata yarinya 'yar aji biyu da ke kujerar gaba ta bugu, an yi mata ɗinki biyar a goshi. Sauran yaran firgita kawai suka yi.

Aka kira makanike ya zo ya janye motar. Yana zuwa, a gaban shugabar makaranta da iyayen da suka taru, ya dafa kafaɗar Baba ya ce ai dama tunda likita ta hana shi tuƙi, da ya haƙura. Baba ya tambaye shi wace likita.

Da ƙafa ya zo shago. Ya ɗora makullin a kan kekena, bai zauna ba.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Ya tambayi su wa suka sani, na lissafa. Ya tambayi dabarar waye, sai ya ce ya san ba tawa ba ce don ni ban iya kwana da magana ba. Na ɗauko wasiƙunka na miƙa masa. Ya karanta su a tsaye, yana bin layi da kansa gaba ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Ban taɓa lura haka yake karatu yanzu ba.

Ba kai kaɗai nake jin haushi ba. Ni likita ta gaya wa, ni nake ganin fitarsa kullum, na kuma zauna ina jiran Asabar. Ya ba ni takardar nan ya ce in haɗa maka.

Yayarka


Auta,

Assalamu alaikum. Ina lafiya.

Ido na Allah ne, ya ba ni, ya karɓi rabi, ban da ta cewa. Na karanta abin da ka rubuta. Ka san halina sosai, da an faɗa mini zan yi gardama. Da na yi ta kwana ɗaya, in ajiye makulli.

Yara goma sha huɗu nake ɗauka. Kwana ashirin da uku kowa ya san halin da suke ciki, ban da ni da iyayensu. Gobe zan bi gidajensu da ƙafa in faɗa musu da bakina, zan fara da gidan yarinyar. Ban san yadda ake tsara irin wannan maganar ba, kuma kada ka rubuto mini.

Ka gama karatunka. Allah ya yi maka albarka.

Babanka