Danshin Ɗakina na Makera

Sumayya, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwata a zafin Maris, ina gaishe ki gaisuwar wanda aka ɓata wa rai amma bai karaya ba.

Labari ya iso ni. Gwaggo Binta, da ta jagoranci mata zuwa ganin ɗaki, ta koma ta gaya wa Babanki cewa ɗakina na Makera yana da danshi, wai ruwan kogi ne ke tsattsafowa ta ƙasa, katifarki za ta ruɓe, atamfofinki su yi fumfuna, don haka a ɗage biki. Wane kogi, abar ƙaunata? Ni na yayyafa ruwan nan da hannuna, na share, kamar yadda nake yi a ƙofar garejin da nake aiki kowace safiya, don kada ƙura ta taɓa zanen iyayenki. Karramawa na yi. Ita kuwa ta cire takalmi, tafin ƙafarta ya ji sanyi, ta yanke mini hukunci ko zama ba ta yi ba.

To, a ce ma akwai danshin. Yaushe ya zama abin kunya? Ba shi manomi ke duba ƙasa yana nema ba? Ba shi ke goshin wanda ya idar da alwala ba? Kin tuna ranar da yayyafi ya tsare mu a Sabon Tasha muna jiran keke, mayafinki ya yi laima, kika ƙi shiga rumfa kina dariya, wai ke ba gishiri ba ce? Ranar na san ke zan aura.

Ba zan saki ɗakin nan ba. Ni na ɗora bulonsa, ni na yi masa filasta bayan an tashi aiki. Bari Gwaggo ta dawo a tsakiyar Agusta, ta kwana uku in tana so, ni zan kawo mata tabarma. Jibi zan je gaban Baba da kaina, ba ɗan aike.

Duk wannan ba ya ba ni tsoro, Sumayya. Shirunki ne ke ba ni. Kowa ya faɗi tasa a kan ɗakin nan, ban da wadda na gina shi dominta. In ke ma kina shakka, gaya mini, in rushe shi gobe in sake wani. Amma kar ki bari wani ya amsa miki.

Naki, a rani da damina, har ranar da za a rufe ni,
Zakariyya'u