Rijiyar da Ke Ɗauke da Sunan Innata

Zuwa ga Shugaban Sashen Lafiya da Tsaftar Muhalli na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka ban gajiya da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Binta, matar aure ce ni a ƙauyen Kwarin Ɗinya. Karatuna bai wuce Islamiyya da ajin yaƙi da jahilci ba, in maganata ta yi kaushi a yi mini afuwa. Na aika da saƙo ta bakin mai unguwa, na aika ta bakin dagaci, shiru kake ji. Shi ya sa na rubuta a fili, kowa ya karanta.

Maganar rijiyar burtsatse ce, mai famfon tuƙa-tuƙa, wadda duk ƙauyenmu ke sha.

Na farko, ka san asalinta. Shekarar da rijiyoyin gidajenmu suka ƙafe, mata suna kankare laka da ƙoƙo, a shekarar Allah ya yi wa Innata rasuwa. Wana, Yaya Sabo, mai ɗan shago a unguwar Bacirawa can birni, ya tattara abin da yake da shi ya sa aka haƙa wannan rijiya sadaka gare ta. Tun siminti bai bushe ba magini ya ɗauki ƙusa ya rubuta a gindin famfon: Sadakar marigayiya Sa'adatu. Duk wanda ya cika jarka sai ya ce Allah ya kai lada kabarinta. Wallahi na yi ta kukan daɗi. Da na haihu mace aka mayar mata da sunan, muna kiranta Ummi, tun da bakina ba ya iya faɗin sunan uwata.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Da famfo ya zo, ba mai waiwayar tsofaffin rijiyoyi. Ga tsadar rayuwa, mutum yana fama da taki da abin sawa a tukunya, ina ya ga halin haƙa sabon masai? Ga rami a shirye cikin gida, mai zurfi, a bushe. Sai aka riƙa jera azara a bakinsu ana mayar da su masai, har a gidajen da ke kewaye da famfon. Ba wanda ya ga aibu, dabara ma aka ɗauke ta. Sai damina mai ƙarfi ta zo bara. Ruwan famfo ya fara wani ɗan wari, in ya kwana a randa sai ka ga yauƙi a gindi. Yara suka fara amai da gudawa, wannan gida yau, wancan gobe.

Ummi ta kwanta da hantsi. Kafin a samo babur idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsattsage, ba abin da take cewa sai ruwa. Ina ɗebowa a randa ina ba ta, tana sha tana kallona. Da shi na haɗa mata ruwan gishiri da sukari. Ba mu kai asibiti ba. Da ruwan famfon nan aka yi mata wanka, aka wuce da ita ta gaban sunanta a rubuce.

Na uku, kuma nan ne ƙorafina a kanka. Bayan an rasa yara, duba-gari biyu sun zo daga ofishinka a babur. Sun cika kwalabe da ruwan famfo, sun shiga gidaje sun leƙa masai. Ina tsaye a bakin zaure na ga ɗayan ya dubi ɗan'uwansa ya girgiza kai. Suka ce za a kai a auna, za a dawo mana da bayani. An yi girbi, rani ya wuce, ga wata daminar ta yi nisa. Ko ƙurar babur ɗinsu ba mu sake gani ba.

Yallaɓai, ka san yadda mutanenmu suka fassara shirunku? Sun ce da akwai matsala ai da hukuma ta dawo. Shirunku ya zama shaidar cewa ruwan lafiya lau yake. Ni ban ce na san abin da ke cikinsa ba. Hanci kawai nake da shi da kabarin 'ya. Ku ne masu abin awo, ku kuka ɗauki kwalabe.

Na huɗu, kada ka yi mamakin da ba wanda ya biyo sawu sai ni. A garin nan ba a aibata sadakar mamaci. Wanda ya ce a rufe famfon nan, cewa za a yi yana son yanke wa baiwar Allah lada tana kwance a kabari. Ranar da na buɗe baki a gidan suna, wata tsohuwa ta yi salati ta ce ba ta taɓa ganin 'yar da ke baƙin ciki da ladan uwarta ba. Yaya Sabo ya daina amsa gaisuwata. In na doso famfo sai mata su yi tsit, ana cewa rashin Ummi ya taɓa mini kai.

Wataƙila ya taɓa ɗin. Ƙarar hannun famfon tana shigowa har tsakar gidanmu, ƙiiƙ, ƙiiƙ, tun asuba har magariba. Haka numfashin Ummi ya riƙa yi a ƙarshe. Da rana tsaka ina surfe sai in saki taɓarya in juya, in ga ba kowa. Kuma ina tuna Inna. Mace ce da ba ta ba baƙo ruwa sai ta tace da farin ƙyalle, ta wanke moɗa ciki da baya. Yau da sunanta ake shayar da yara abin da ba a sani ba, ana yi mata addu'a a kai. Kullum ina tambayar kaina me ake kai mata can. Wannan tunani ya fi ƙarfina, ina jin tsoro.

Na biyar shi ne abin da ya sa na kasa ƙara jira. Ina da ɗa namiji a baya, Habibu, shi kaɗai ya rage mini. Tun rashin Ummi, yana hannuna ban taɓa ba shi ruwa ba sai na tafasa, ko da karan dafa tuwo zan ƙona. To, ya isa yaye. A al'adarmu gidan kaka ake kai yaro, kuma ƙofar Iya, uwar mijina, tana kallon famfon ne. Iya ba muguwa ba ce, tana son yaron nan kamar ranta, har sabuwar moɗa ta saya masa ta ajiye. Amma ta ce ruwan sadaka albarka ne, tafasa shi cin fuskar mamaci ne, ga kara ma bai isa girki ba. Na ce haƙori yake fitarwa, aka ɗaga. Na ce a bari azumi ya wuce, aka ɗaga. Yanzu maigida ya yanke magana, da an yanke gero za a kai shi. Ba ni da sauran uzuri.

Saboda haka ina roƙonka, don girman Allah. Ka faɗa mana abin da aka gani a kwalaben nan. In sun ɓace ne, a ce sun ɓace, a zo a ɗebi wani, ba abin kunya ba ne. A faɗi sakamakon da baki a ƙofar masallaci ranar Juma'a, gaban liman da dagaci, yadda Iya za ta ji daga bakin hukuma. A duba rijiyoyin da aka mayar masai, a gaya mana yadda za mu yi da su. In ruwan lafiya yake, ni zan je har Bacirawa in durƙusa wa Yaya Sabo. In kuwa ba lafiya ba, ka zo da kwaɗonka ka kulle famfon, a nema mana inda za mu sha. Ba wanda zai iya kulle shi a garin nan sai baƙo. In an tambaye ka wa ya ba ka izinin taɓa sadakar Sa'adatu, ka ce 'yarta ce, uwar takwararta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna maka ranar da za ka riƙe moɗa kana shakkar abin da kake ba ɗanka. Ranka ya daɗe, jiya na leƙa gona. Gero ya fitar da kai.

Wassalam.

Ni ce,
Binta, wadda har yau ake kira Maman Ummi,
Kwarin Ɗinya.