Na Ce wa Inshora Lafiyata Lau

Hajiya mai wannan fili, ki taimake ni don girman Allah. Bakina ya haƙa mini rami, saura wata ɗaya in faɗa ciki. Ki yi haƙuri da rubutun, tun a aji huɗu ni da boko muka raba gari, har yau babu wanda ya nemi wani.

Ni mai gyaran agogo ne, shekarata sittin da uku. Ƙarfe ake kirana a layinmu, don na shekara talatin ina cika baki cewa allura ba ta san jikina ba. Uwar 'ya'yana kuwa da ledar magunguna take yawo, har na sa mata suna Kemis. In ta zazzage ƙwayoyinta da safe sai in tambaye ta ƙarfe nawa ake buɗe shago.

To, shekara shida da suka wuce, ina leƙen cikin wani agogo sai na ga hannayensa sun zama huɗu. Na sulale zuwa asibitin unguwar da ba a san ni ba. Likita ya ce ciwon sukari ne, ya ƙara mini da hawan jini gyara. Tun ranar, maganina yana cikin gwangwanin batir a durowar shago, tare da ƙananan kusoshi. Ranar da ba na fita aiki, a naɗin hulata yake kwana. Daga ni sai likitan sai mai kemis na kusa da shagona muka sani. Allah ma ya rufa mini asiri ta wata hanya: tun daga wancan lokacin rowa ta kama uwargida, ta daina sa mini sukari a shayi, wai ya yi tsada, alhali nata kofin cokali biyu take zubawa. Nakan yi mita don kada a gane, a zuci kuwa ina hamdala.

Ga inda gizo ke saƙar. Babbar 'yata tana aiki a ƙasar waje, ta haifi tagwaye, ta nema mana takardun zuwa mu zauna da ita shekara guda. Aka ce sai da inshorar lafiya. Ta kira mu ta bidiyo tana karanto tambayoyin fom. Da aka zo kan uwarta sai da aka yi rabin awa, kamar ana karanta sunayen 'yan aji. Da aka zo kaina, duk ciwon da ta ambata sai in ce babu. Hajiya, ni tun da aka haife ni, in an tambayi lafiyata, lau nake cewa. Da ta zo kan sukari, uwargida ta yi wani tari har sau biyu tana kallon silin. Na ce mata ta sha maganinta. Yarinya ta yi murna, ta ce ubanta ƙarfe ne da gaske, ta biya kuɗi.

Shekaranjiya na je yin sallama da mai kemis, shi ya ɗaga mini hankali. Ya ce a can ba a miƙa hannu a karɓi irin maganina sai da takardar likita. Ya ce kuma in na faɗi aka gano ciwon tsoho ne na ɓoye, masu inshora za su iya zame jiki, asibiti ya hau kan yarinyar nan mai goyon biyu.

Na yi tunanin cusa maganin shekara a bayan agogon bango, in ce tsaraba ce. Na yi tunanin in ce shago ba zai iya rashina ba, shagon da jiya batir ɗaya na sa. Amma ina son in ɗauki jikokin nan kafin su fi ƙarfina. In na faɗi gaskiya kuwa, matar da na shekara talatin ina tsokana za ta samu abin yi har ƙarshen rayuwarta. Yaya zan yi?

Naki, Ƙarfe Mai Tsatsa

*

Malam Ƙarfe, sannu da ɗawainiyar ɓoyo. Na fahimce ka, namijin da gida ya jingina da shi ba ya son a ga ya langaɓe, kuma ka kyauta da ba ka yi wasa da shan magani ba. Sai dai fom ba gaisuwa ba ne. Wannan lau ɗin, 'yarka ce za ta biya shi.

Ka kira ta cikin makon nan, tun ba ku tashi ba, ta rubuta wa kamfanin a gyara amsoshin. Gyara kafin tafiya ya fi bayani a gadon asibiti sauƙi. Kamfanoni sun bambanta: wani zai ƙara kuɗi, wani ya ce sai bayan wani lokaci zai ɗauki tsohon ciwo, wani ya cire shi gaba ɗaya. Ta nemi amsarsu a rubuce, in bai yi ba ta duba wani. Ta tabbatar inshorar ta zaman shekara ce, ba ta ɗan gajeren bulaguro ba, ta kuma bincika ko irin takardarku ta ba ku damar shiga tsarin lafiyar gwamnatin can, don kowace ƙasa da dokarta.

Kai kuma ka koma wurin likitanka ya auna ka, ya ba ka takardar tarihin ciwon da ainihin sunayen magungunan. Ka tafi da su cikin kwalayensu a jakar hannu, gwargwadon abin da ƙasar ta yarda a shigo da shi. Agogon bango ka bar shi ya yi aikinsa. Da kun sauka, a nema maka likita tun maganin bai ƙare ba.

Saura Kemis. Malam, kai da kake gano ciwon agogo daga ƙararsa, ba ka ji tarin nan ba? Wane irin sukari ne yake tsada a kofi ɗaya, ya yi araha a na kusa da shi, kuma tun shekara shida? Wa yake wanke hular? Matar nan ta daɗe tana jinyarka kana mata dariya, ta bar maka sunanka don ta ga kana son abinka. Da ita za ka fara. Ka ɗauko gwangwanin ka ajiye shi kusa da ledarta. In ta tambaye ka ƙarfe nawa ake buɗe shago, ka ba ta amsa cikin ladabi, ta ci wannan.

Allah ya ƙara muku lafiya ku biyun, ya kai ku lafiya, ya raya tagwaye.