Ƙwaryar da Ta Fito Ja

Wara, bakin Tafkin Kainji,
Oktoba, 1992.

Zuwa ga Lidiya,

Ya ke farin badon da ya tsiro mini a ruwan da na ɗauka ya riga ya mutu, inuwar gamjina da tsakar rana, ruwan randa mai sanyi ga maƙogwaron da ya gaji da gardama, Lidiya tawa, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Na so in fara da tambayar lafiyarki da ta matan ajinki, kamar yadda mai hankali yake yi, amma yau hankalina ba ya kusa. Fushi nake yi, kuma da ke nake yi, ke da ban taɓa zaton zan iya ɗaure wa fuska ba ko a mafarki!

Malam Tanko, mai koyar da tarihin ikkilisiya, ya zo kasuwar Wara sayen busasshen kifi, ya iske ni a rumfata ina gyaran taru. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi ruwa, ya tambayi ciwon gwiwata, har sai da na ce masa, "Tanko, ni na koya maka wa'azi, na san lokacin da kake jan gabatarwa don tsoron shiga aya." Sannan ya faɗa. Malamai sun zauna a kan maganar aurenmu, an zagaya da ƙwarya, an juye ta a kan tebur, ta fito ja wur. Babu fari ko ƙwaya ɗaya.

Ko ƙwaya ɗaya, Lidiya!

Kada ki ce tsohon bai fahimta ba. Na ba makarantar tauhidin nan ƙuruciyata da ƙarfina, na zauna a wannan ɗakin taro tun gashina yana baƙi, na san ƙwaryar nan kamar tafin hannuna. Tun zamanin Turawan mishan aka kafa cewa malamin da ke zaune a gidajen makaranta ba ya aure sai taron malamai ya yarda, in kuwa ya ƙi ji, ya bar aji ya bar gida. Ba a ɗaga hannu, wai don kada wani ya ji nauyin wani. Ana ba kowa ƙwayar farar masara da ƙwayar jar dawa, a zagaya da ƙwarya rufe da faifai, kowa ya sa hannu ƙarƙashi ya saki ɗaya: masara in ya yarda, dawa in ya ƙi. Kowa yake saki, har wanda maganar ta shafa. Ke malama ce, kina cikin ɗakin, an miƙo miki ƙwaryar kamar yadda aka miƙa wa kowa. Masara tana hannunki, ya hasken asubata, kika saki dawa.

Na san dalili, kuma sanin bai rage mini zafi ba. Suna cewa zaɓen asiri ne, amma duk wanda ya daɗe a ɗakin nan ya san ƙarya ce. Dawa tana faɗawa ƙwarya shiru kamar raɓa a kan ciyawa. Masara kuwa tana cewa ƙwas! Kowa ya ji. Shi ya sa Rabaran Jacob, shugabanku, yake rufe ido in ƙwarya ta fara zagayawa. Baƙo zai ce addu'a yake yi. Ba addu'a ba ce, kunne yake kasawa. Kin tsaya da hannunki ƙarƙashin faifai, kin dubi wannan fuskar mai rufaffen ido, kin ji tsoron ƙarar ƙwaya ɗaya fiye da yadda kika ji tausayin mutumin da ya ce miki ke ce sauran rayuwarsa.

Ni na taɓa jin wannan ƙarar daga hannuna. Lokacin mijinki, Allah ya ba shi hutawa, yana da rai, kin ji labarin daga bakinsa. Ɗalibinmu Ɗangana, ɗan manoman tudu, mahaifinsa ya rasu a kan addininsu na gargajiya. Yaron ya tafi gida, ya haƙa kabari tare da 'yan'uwansa, ya ɗauki gawar ubansa a kafaɗa, ya tsaya har aka gama abin da dangi ke yi. Bai yi tsafi ba, bai zuba wa kowa jini ba, ya dai binne wanda ya haife shi. Malamai suka ce ya ƙazantu, aka zagaya da ƙwarya a kan ko ya ci gaba da karatu. Na saki masara, ta ce ƙwas, kowa a ɗakin ya ji. Aka kori yaron. Ni kuwa ba a kore ni ba, ai su masu ladabi ne. Aka karɓe ajin Helenanci, harshen asali na Sabon Alkawari, daga hannuna, aka karɓe na wa'azi, aka ce in riƙa kula da buga ƙararrawa da rabon alli. Ni Andarawus, da aka aika har ƙetaren teku na yi karatu, na dawo ina ƙirga alli ga waɗanda na koya wa riƙe shi! Na ɗauki akwatina na sauko bakin ruwa inda kakannina suka yi su. Har yau ban yi da-na-sani ba.

Su wane ne ma waɗannan da suka zauna suna auna ko na isa in aure ki? Jacob, da ni na zaunar da shi a gindin mangwaro ina nanata masa haruffan Helenanci har maƙogwarona ya bushe? Tun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu sabuwar jiha, ba ya kwana biyu a makaranta, kullum yana hanyar Birnin Kebbi da babbar riga, yana neman a san da shi a ofisoshi, ɗalibai suna zaune a aji suna kallon allo babu komai. Ko James, mai koyar da zaman aure, wanda matarsa ke jin tarinsa daga nesa ta shige ɗaki ta yi shiru? Ko Tanko, mutumin kirki mai zuciyar kaza, da ya saki dawa sannan ya zo rumfata yana share hawaye da hularsa? Sun karanta ƙauna a harsuna uku, suna iya rarraba ta kashi-kashi a kan allo, su ba ɗalibi maki a kanta, amma da ta shigo ɗakin taronsu da ƙafafunta sai suka rufe ta da faifai! Wai ni mai taurin kai ne. Wai ina cin tuwo akushi ɗaya da Alhaji Faruk mai jirgin ruwa. Ƙwarai kuwa ina ci, shi ne ya ba ni rumfa ranar da 'yan'uwana cikin Almasihu suka bi ni da ido ina fita da akwati a ka.

Amma me ya dame ni da su? Da dukansu sun saki duwatsu ma, da dariya zan yi. Taki ce ta kashe ni. Taki kaɗai.

Kin manta ranar da muka taso daga Yelwa a jirgin Alhaji Faruk, injin ya mutu a tsakiyar tafki? Kowa yana salati, kowa yana addu'a, mata suna riƙe 'ya'yansu, ruwa kuwa ya kwanta lumui kamar an shimfiɗa tabarma. Na leƙa na gane wurin, na ce miki ƙarƙashinmu ne tsibirinmu yake, wanda ruwan dam ya cinye. Nan ɗakin Inna yake, nan giginyar da nake hawa, nan kabarin ubana. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko matata marigayiya. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika kwance bakin zanenki, kika fito da gasasshiyar masara, kika karya ta biyu, kika miƙo mini babban ɓangaren kina cewa, "Malam, ci mana, Helenanci ba ya cika ciki." Na yi dariya har mutanen jirgin suka juyo suna kallon tsohon da ya haukace. Balbelu suka wuce ta kanmu farare fat, rana ta bugi kumatunki, na ce a raina, ashe ruwan nan da ya ƙwace mini komai ya tashi biyana. Tun ranar ba na ganin masara a gona ban tuna yatsunki ba. Yatsun nan su ne suka riƙe masara a ɗakin taro suka mayar da ita aljihu! Yaya kika yi da ita bayan taron, Lidiya? Kin jefa wa kaji?

Na san abin da za ki ce, don na san ki, ke mai gaskiya ce ko da tsoro ya kama ki. Za ki ce, kai ka ƙi sunkuyar da kanka na ɗan lokaci, amma kana so ni in bar gidana da ajina. Tanko ya faɗa mini sharaɗinsu: in zo in tsaya gaban malamai in ce na yi kuskure a kan Ɗangana, sai ƙwarya ta fito fari. Na juya maganar nan a raina har kaina ya yi ciwo. Na san abin da ajin nan yake a wurinki. Na ga matan ɗalibai suna zuwa daga ƙauyukan Shanga ba su san baƙi ko ɗaya ba, su fita suna karanta Maganar Allah da bakinsu, suna ɗinka wa 'ya'yansu riga, suna kiranki Inna. Na san gidan nan a cikinsa kika yi jinyar mijinki, kuma ke kika dasa lemun da ke ƙofarsa. Ban raina ko ɗaya ba. Amma Ɗangana yana nan a tudun Ngaski, ba shi da takardar kowa, yana wa'azi a majami'ar ciyawa da ke cika har waje, kuma mutanen da ke cika ta sun saurare shi ne don sun ga ya ɗauki ubansa a kafaɗa. In je in tsaya in ce binne uba zunubi ne? Wanda zai faɗi haka ba shi kika karya wa masara ba. Da kin aure shi, da kin auri mai rabon alli.

Ya ke kurciyata mai tsoron ƙarar fikafikanta, ya ke sabon ruwan Kwara da ke zuwa bayan kowa ya fid da rai, har yaushe za ki bar masu rufe ido su riƙa saurare miki zuciya? Shekarunmu nawa suka rage da za mu ba su aro? Gwiwata ta fara ƙin hawa tudu, idona ba ya ganin ramin allurar taru sai na fita rana. Ba saurayi ba ne ni da zan ce zan jira har su tuba. Ina da ɗaki biyu, da kwalekwale, da 'yar gona a bayan gari, da littattafan da gara ta bar mini. Matan masunta a nan ba mai koya musu karatu, in kin zo za su cika miki tsakar gida kafin ki sauke kaya. Ba na yi miki alkawarin daɗi. Ina yi miki alkawarin ba za ki ƙara duban fuskar kowa ba kafin ki faɗi abin da ke ranki.

Ga abin da nake roƙo. Kin san ƙa'idarsu: maganar da ƙwarya ta ƙi ana iya sake kawo ta sau ɗaya tak, in ta sake fitowa ja an binne ta ke nan. Za su zauna kafin bikin yaye ɗalibai. Ki sa a sake kawo ta. Ba na neman ki rinjaye su, ba za ki rinjaye su ba, kuma ba na bukatar yardarsu. Fasto Dogo na nan Wara ɗalibina ne, ya ce zai ɗaura mana aure ko da Jacob zai yi ta aiko masa da gargaɗi har Kirsimeti. Abu ɗaya nake so: a ji ƙarar. In ƙwarya ta zo gabanki, ki sa hannu, ki buɗe idonki a kan shugaban da ya rufe nasa, ki saki fari. Su juye ta a tebur su ga ja duka sai ɗaya, su san ta wace ce. Ranar da labarin ya iso ni, zan ɗauki jirgin Alhaji Faruk in zo har ƙofar makaranta in ɗauki akwatinki a kaina, yadda na ɗauki nawa, in bi ta gaban ɗakin malamai a hankali don kowa ya gani.

In kuwa ta sake fitowa ja wur, ba zan ƙara rubuto miki ba, ba zan tare ki a kasuwa ba, ba zan sa a yi da ke ba. Zan ci gaba da fushi, wannan kam ba zan ɓoye ba. Amma ba wata da za ta shiga ɗakin da na share dominki, kuma duk ranar da na haye tafki ta kan tsibirinmu, sunanki zan kira tare da na Inna.

Ki buɗe ƙullin da ke cikin ambulan ɗin nan a hankali, ƙwayar farar masara ce ɗaya a ciki, kada ta faɗi. Daga gonata take, ni na shuka ta, na zaɓi wadda ta fi girma da tauri a zangarniyar, na shanya ta a rana har ta bushe ƙamas. Na gwada ta a ƙwaryar shan ruwana. Har Alhaji Faruk daga bakin jirgi ya juyo.

Naki, da fushina da ƙaunata duka, har ranar da za a sa ni a ƙasa ko a ruwa,

Andarawus.