Ƙorafin Sarkin Fawa kan Shinkafar da Aka Ce Tana da Nama

Zuwa ga: Mai girma Magajin Garin Ɗan Gulbi, Dakoro
Daga: Sallau Ma'u, Sarkin Fawan kasuwar Ɗan Gulbi
Rana: 20 ga Fabrairu, 2023

Game da: Kuskuren fassara a taron bayanin sabuwar shinkafa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, mai ƙorafi yana gabatar da kukansa kamar haka:

1. Ranar 6 ga wannan wata, wani malamin gona na wani poroje, wato shirin raya karkara, ya tara jama'a a filin lakwal, makarantar bokon garinmu. Ya yi bayani da Faransanci cewa masana suna sauya ƙwayoyin halittar shinkafa domin ƙara mata sinadarin gina jiki, kuma har yanzu tana ɗakin bincike. Malamin lakwal, Mushe Agali, shaida ne.

2. Tafintan da ya zo da shi, Allah ya yafe masa, ya gajarta zancen. Ya ce an ƙirƙiro shinkafa mai nama a cikinta, tana nan tafe. Mata suka yi guɗa. Mai ƙorafi ma ya tafa, don bai hango abin da zai biyo baya ba.

3. Washegari Liman ya aiko a tambaye shi, a matsayinsa na masanin nama, ko wane ne ya yanka naman da ke cikin shinkafar. Makiyaya daga Azagor kuma suna ta tambaya ko su rabu da tumakinsu tun suna da daraja.

4. Abin da ya fi damunsa shi ne, iyaye mata irin su Hawwa'u, wadda takan sayi hanta saboda ɗanta mai fama da tamowa, sun fara ja da baya suna jiran shinkafar. Ya kai mata hantar har gida. Ba zai iya kai wa kowa ba.

Don haka yana roƙon mai girma Magajin Gari ya sa a maido da malamin gonar ranar kasuwa, tare da wani tafinta daban, a gyara zancen a bainar jama'a. Balangun baƙi yana wuyan mai ƙorafi, har da na tsohon tafintan.

Mai ƙorafi ba ya gaba da wannan shinkafa. Duk ranar da ta iso, yana da tabbacin za ta buƙaci romo.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Mai biyayya,
Sallau Ma'u