Ƙuda a Leɓen Raelene

Quilpie

Gwaggo Thelma,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ina fata ma'aikatan gidan tsofaffin ba sa hana ki shayi mai sukari.

Ƙaninki ya yi abin kunya. Baba ya zauna cacar karta, wadda ake kira foka, da maƙwabcinmu Clarrie Boland, ya zuba Baron, ragon da duk garkenmu ya dogara da shi, a cacar, Clarrie ya ci. Watan barbara ya kusa, tumaki ba rago. Clarrie ya yarda mu buga ni da shi ran Asabar: in ya ci ya ɗauki babur ɗina na kiwo, in na ci in karɓo Baron. Har cewa ya yi, "Ki zo da takalmin tafiya, yarinya." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ke da kika ƙware a karta, ki koya mini.

'Yarki,
Raelene

Toowoomba

Raelene 'yata,

Na amsa. Ƙafa tana nan, ubanki kuma sakarai ne tun yana yaro da guntun wando.

Kada ki yarda a buga cikin mashaya mai sanyi. Ki ce sai a barandarsa, da rana tsaka, lokacin ƙudaje. Ki yi ta zubar da karta marar kyau, ki bar shi ya ci ƙanana ya kumbura. Mutumin ƙasarmu hannunsa ba ya daina korar ƙuda, sai in yana burga da kartar banza: nan yake sandarewa, ƙuda ya sauka masa bai sani ba.

Amma Clarrie ya san wannan. Ni na koya masa, lokacin da yake nemana. Zai zuba wa fuskarki ido. Sauran ki yi tunani da kanki.

Gwaggonki

Quilpie

Gwaggo!

Gaisuwa a tsaye, don na kasa zama. Baron yana gida!

Tsohon naki da hula mai ragar kare ƙuda ya fito, fuska a rufe ruf, yana dariya. "Ki gaida Thelma," in ji shi. Ƙuda ba zai kai ga fuskarsa ba ke nan. Sai na tuna ƙarshen wasiƙarki.

Na yi ta zubarwa ina korar ƙuda, yana ci yana tsokana: "Babur ɗin yana shan mai?" Can sarakuna uku, karta mai ƙarfi, suka zo hannuna. Na ƙara kuɗin caca, na sandare da gangan. Wani ƙaton ƙuda ya sauka a leɓena, ya yi yawo, ya leƙa hancina. Gwaggo, na kusa mutuwa, amma ko ƙiftawa ban yi ba. Clarrie ya leƙo ta cikin ragarsa, ya ce, "Burga ce, yarinya!" Ya turo komai, har da Baron. Kartar takwas guda biyu kacal gare shi.

Da na shimfiɗa sarakunan, sai ya cire hular ya daɗe yana kallonta. Baba kuwa kuka ya yi a bakin shinge, ya rungume rago.

Taki,
Raelene

Toowoomba

'Yata,

Na karanta wa duk gidan, har mai jinya ta yi tafi. Ki wanke bakinki da sabulu. Ki ɓoye wa ubanki karta.

Clarrie kuma ki ce masa ina nan ran Lahadi. Ya zo ba hula.

Thelma